Neman Matsala a Tsarin Sarrafa Injin Tabain na Gas: Nasiha ga Matasan Ma'aikatan Tashar Lantarki

Injin tabain na gas, irin wanda ke juya janareta a tashoshin lantarki, sassa uku ne a jere a kan shaf ɗaya. Kwamfureso yana zuƙo iska ya matse ta, ɗakunan ƙonewa suna gauraya iskar da gas wuta ta kama, sannan iskar mai zafi ta ratsa fukafukan tabain ta juya shaf ɗin. Fiye da rabin ƙarfin da tabain ɗin ke samarwa kwamfureso ne ke cinye shi, ragowar ne ke isa ga janareta. A ƙasashen da wutarsu ke kan firikwensi 50, kamar Nijeriya da Nijar da Gana, babban inji irin Frame 9E na kamfanin GE yana juyawa sau 3,000 a minti ɗaya. Zafin iskar da ke shiga fukafukansa ya haura digiri 1,000, wadda ke fita ta bayansa kuma tana wajen digiri 540. Babu ɗan Adam ɗin da zai iya riƙe ragamar irin wannan inji da hannunsa, don haka aka damƙa aikin ga tsarin sarrafawa, wanda ke karanta halin injin sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya, ya ƙara gas ko ya rage, ya kuma kashe injin nan take idan ya ga alamar haɗari.

Mafi yawan wutar da ke kan babban layin Nijeriya daga tashoshin gas take fitowa. Akwai Geregu kusa da Ajakuta a Jihar Kogi mai injinan Siemens, da Omotosho a Ondo, da Olorunsogo a Ogun, da Azura kusa da birnin Benin wadda ta fara aiki a 2018. A Arewa ma an ƙaddamar da tashar gaggawa ta megawat 50 a Maiduguri a 2023, ga kuma bututun gas mai tsawon kilomita 614 da aka fara shimfiɗawa a 2020 daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano. Matashin da ya karanta lantarki ko fannin na'urorin awo yana iya wayar gari ya ga kansa a gaban allon ɗaya daga cikin waɗannan injina, ƙararrawa tana ƙara, manya suna jiran ya faɗi abin da ya faru.

Tsarin sarrafawa kashi uku ne shi ma. Akwai na'urorin awo, wato sensa-sensa da ke jikin injin suna auna gudu da zafi da matsi da girgiza da kasancewar wuta. Akwai kwamfutocin da ke cikin kabad a ɗakin sarrafawa, waɗanda ke karɓar waɗannan saƙonni su yi lissafi. Akwai kuma masu aiwatarwa, wato bawul-bawul da solinoyid da famfuna da bireka. Injinan GE suna aiki da jerin Speedtronic, kamar Mark V da Mark VI da Mark VIe, na Siemens kuma da SPPA-T3000 ko wanda ya gabace shi. A manyan injinan GE sau da yawa kwamfutocin uku ne, ana kiransu R da S da T, kowacce tana lissafinta, kuma abin da biyu suka yarda da shi shi ake aiwatarwa. Amfanin wannan shi ne ɗaya tana iya lalacewa injin bai tsaya ba.

Abu na farko da ya kamata mai koyo ya riƙe a ka shi ne yadda ake yanke yawan gas ɗin da za a ba injin. A tsarin GE ana kiran wannan umarni FSR. Sassa da dama na manhajar ne ke lissafa nasu FSR ɗin a lokaci guda: na tayarwa, da na hana injin ɗaukar gudu da gaggawa, da na gudu da lodi, da na zafi, da na kashewa, da na hannu. Wanda ya nemi gas mafi ƙanƙanta a cikinsu shi ke riƙe da bawul. Saboda haka idan inji ya yi wani hali da ba a gane ba, tambayar da za a fara yi ita ce, wane sashe ne ke riƙe da gas a daidai wannan lokacin? Allon yana nuna amsar, amma sai wanda ya san ya duba.

Gogaggun ma'aikata sun daɗe da sanin cewa mafi yawan abin da ake kira matsalar kwanturol ba a cikin kabad take ba. Kwamfutocin suna zaune a ɗaki mai sanyi, babu ƙura, babu jijjiga. Sensa da wayoyi da bawul kuwa suna can jikin injin cikin zafi da tururin mai da girgiza dare da rana, wasu wayoyin ma suna bi ta ramuka da ruwan damina ke cikawa, ɓeraye na yawo a ciki. Tsarin sarrafawa ɗan aike ne, abin da aka faɗa masa shi yake isarwa. Idan ya kashe inji, ko dai haɗarin gaskiya ne, ko kuma wata na'urar awo ce ta kawo masa labarin ƙarya, kuma aikin mai neman matsala shi ne ya rarrabe tsakanin biyun da hujja. Wanda ya fara da zargin katin kwamfuta ko manhaja yakan ɓata awoyi, wani lokaci ma ya ƙara sabuwar matsala a kan ta farko.

Idan inji ya yi tirif, wato ya katse da kansa, mintunan farko na lafiyar injin ne. A tabbatar bawul ɗin gas ya rufe, birekar janareta ta buɗe, famfon man injin yana aiki boris suna samun mai, kuma idan wutar tashar ta ɗauke gaba ɗaya, famfon gaggawa mai aiki da batir ya tashi. Idan shaf ya tsaya, a tabbatar na'urar da ke juya shi a hankali ta kama, domin shaf mai zafi da aka bari a tsaye yakan lanƙwashe, ya jawo girgiza a tashi na gaba. Bayan wannan sai a kame hannu daga maɓallin goge ƙararrawa. A fara adana jerin ƙararrawar, da rajistar tirif ɗin da kwamfuta ke ɗauka ta daƙiƙoƙin da suka gabaci katsewar, da zanen yadda gudu da zafi da matsi suka tafi. Sau da yawa mai tsaron allo, don tsoron faɗan oga, yakan goge komai ya sake tayarwa, sai a rasa shaidar da za ta nuna musabbabin.

Jerin ƙararrawar bayan tirif yakan yi tsawo, har ya tsorata sabon shiga. Dalili shi ne da zarar gas ya katse, abubuwa da yawa kan biyo baya: wuta ta mutu, bireka ta buɗe, matsin man haidirolik ya sauka, bawul-bawul ɗin sakin iskar kwamfureso su buɗe, kowanne da tasa ƙararrawar. Duk waɗannan sakamako ne. Abin nema shi ne wadda ta fara zuwa. Tsarin yana buga wa kowane saƙo lokacinsa, wasu har zuwa kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, don haka sai a jera su bisa lokaci, a nemo inda siginar kariya ta uwa, wadda GE ke kira L4, ta faɗi, a karanta abin da ya zo gabanta. Misali, idan aka ga ƙararrawar mutuwar wuta, ba a yanke hukunci a kan na'urar ganin wuta nan da nan. Idan daƙiƙa biyu kafin ta matsin gas ya nitse, to wutar ta mutu da gaske, kuma bincike ya koma wajen tashar karɓar gas da matatunta. Wannan karatu ba ya yiwuwa idan agogon kwamfutocin tashar bai daidaita da juna ba, shi ya sa daidaita agogo aiki ne mai muhimmanci da ake rainawa.

Ƙararrawa iri biyu ce. Akwai ta aiki, wadda ke magana a kan injin kansa, kamar saukar matsin mai ko hauhawar zafi. Akwai kuma ta lafiyar tsarin, wadda ke faɗin cewa wata waya ta yanke, ko wani kati bai yarda da 'yan uwansa ba, ko wutar da ke ciyar da wani sashe ta yi rauni. Iri na biyun ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, domin injin yana ci gaba da aiki ko da tana nan. A tsarin kwamfutoci uku wannan sakaci yana da tsada. Idan sensa ɗaya cikin uku ta mutu aka bar ta wata da watanni, injin ya koma dogaro da biyu, kuma ranar da ta biyu ta yi gardama sai ya faɗi ba tare da gargaɗi ba. Matashin da ya ɗauki al'adar duba wannan jeri kowace safiya, ya bi diddigin kowace ɗaya har a share ta, ya hana tirif da yawa da ba wanda zai san an hana.

A fannin na'urorin awo, yawancin masu auna matsi suna aiko da saƙonsu a matsayin wuta tsakanin miliamf 4 zuwa 20. An fara daga 4 ne da gangan, don idan aka ga sifili a san waya ce ta yanke ko wuta ta ɗauke. Hanyar bincike ita ce a bi siginar daga tushe zuwa allo: me gejin da ke jikin bututu ke nunawa, me mita ke karantawa a bakin na'urar, me take karantawa a tamina cikin kabad, me kwamfuta ke gani. Inda adadin ya canza, nan matsalar take. Gani ya kori ji, kuma wanda ya zauna a ɗakin sarrafawa yana hasashe ba zai ga siririn bututun awo da ya toshe da datti ba, ko bawul ɗinsa da wani ya rufe lokacin gyara ya manta bai buɗe ba, ko sukurun tamina da jijjiga ta sassauta. Matsalar da ke zuwa ta tafi da kanta, wadda ta fi kowace cin rai, galibi a irin waɗannan wurare take.

Wurin da rarrabe haɗarin gaskiya da labarin ƙarya ya fi wuya, ya kuma fi muhimmanci, shi ne bambancin zafin hayaƙi. Frame 9E yana da ɗakunan ƙonewa 14 a kewaye, kuma a bayansa an jera tamokoful 24 suna auna zafin iskar da ke fita. Idan duk ɗakunan suna ci daidai, karatunsu yakan yi kusa da juna. Idan ɗaki ɗaya ya samu cikas, sai a ga wani yanki ya yi sanyi ko ya yi zafi fiye da saura, tsarin ya yi gargaɗi, idan abin ya yi yawa ya kashe injin. Matsalar ita ce tamokoful ɗin da ta lalace ita ma tana kawo irin wannan gargaɗin. Abin da take fitarwa ɗan ƙanƙani ne, wajen milibol 20 a digiri 500 ga irin wadda ake kira K, don haka tsatsa kaɗan a mahaɗar waya ta isa ta karkatar da karatun.

Akwai alamomin da ke raba su. Tamokoful mai matsala takan fita daban ita kaɗai, maƙwabtanta na dama da na hagu suna nan daidai, kuma karatunta yakan yi tsalle sama da ƙasa da saurin da zafin gaske ba zai iya yi ba. Matsalar ƙonewa kuwa takan taɓa biyu ko uku da ke jere da juna. Sannan akwai gwajin lodi. Iskar da ke ratsa tabain ba ta fita a miƙe, tana murɗawa, kuma yawan murɗawar yana canzawa da lodi. Idan aka rage lodi aka ga yankin sanyin ya matsa zuwa wasu tamokoful na daban, to daga ɗakin ƙonewa abin yake: nozul ya toshe, ko rufin cikin ɗakin ya tsage, ko bututun da ke haɗa wuta tsakanin ɗakuna ya lalace. Idan sanyin ya kafe a kan lamba ɗaya komai lodin, sensa ce abin zargi. Kamfanin da ya ƙera injin yana ba da jadawalin da ke nuna ɗakin da ya dace da kowane yanki a kowane lodi. Babban kuskure a nan shi ne a ɗauka kullum tamokoful ce, a haɗa wayarta da ta maƙwabciyarta don ƙararrawa ta yi shiru. Idan ƙonewar ce da gaske, fukafukan tabain suna shiga zafi da sanyi sau hamsin a kowace daƙiƙa, kuma ƙarshen abin shi ne buɗe injin da asarar watanni.

Wani ƙorafi da ake yawan kawowa shi ne inji ya ƙi ɗaukar cikakken lodi. Ba a auna zafin da ke bakin fukafukan farko kai tsaye, ana lissafa shi ne daga zafin hayaƙi da matsin iskar da ke fita daga kwamfureso. Da zarar zafin hayaƙi ya kai iyakar da aka lissafa, sashen zafi ya karɓi ragamar gas, kuma ba za a samu ƙarin megawat ba ko an danna maɓalli sau ɗari. A nan tsarin yana aikinsa ne daidai. Abin bincike shi ne dalilin da ya sa iskar ta ragu. Da rana tsaka a watan Afrilu iska ba ta da nauyi, injin ba ya iya ba da abin da yake bayarwa da asuba. A hunturu ƙura tana toshe matatun iska, tana kuma manne wa fukafukan kwamfureso har sai an wanke su. Fukafukan ƙofar iska, waɗanda ya kamata su buɗe sosai a cikakken lodi, suna iya nuna kusurwa ɗaya a allo alhali wata ce daban a jikin inji, sai an je an auna da hannu. Idan firikwensin babban layi ya sauka, injin ma gudunsa ya sauka, kwamfureso ya rage zuƙar iska, lodi ya ragu a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. A layin da firikwensinsa ke yawan kai-komo irin na Nijeriya, wajibi ne a ɗora zanen firikwensi a kan zanen lodi kafin a zargi kowace na'ura.

Na'urar auna matsin kwamfureso ta cancanci kulawa ta musamman. Idan tana karanta sama da gaskiya, injin zai rage ƙarfi a banza. Idan tana karanta ƙasa da gaskiya, tsarin zai ƙyale zafi ya wuce kima, megawat ya ƙaru, kowa ya yi murna, sassan ciki kuwa suna ƙonewa a hankali. Ƙarin ƙarfin da ba a san dalilinsa ba abin bincike ne daidai da raguwarsa.

Bawul-bawul ɗin gas a yawancin waɗannan injina da man haidirolik ake motsa su. Na farko yana katse gas yana kuma daidaita matsinsa gwargwadon gudun injin, na biyu yana auna yawan da zai shiga nozul. Kowanne yana da ɗan ƙaramin bawul da ake kira sarbo, wanda ke karɓar wuta kaɗan daga kwamfuta ya tura mai, da kuma na'urar LVDT da ke mayar da rahoton inda bawul ɗin ya tsaya. Idan lodi yana rawa, ko bawul ya ƙi bin umarni, sai a ɗora zane uku wuri guda: umarnin da aka bayar, da matsayin da bawul ya kai, da wutar da ke zuwa sarbo. Idan umarnin kansa ne ke rawa, matsalar tana can sama, wataƙila a siginar gudu ko ta matsi. Idan umarni yana tsaye, wutar sarbo tana ta hauhawa, bawul bai motsa ba sai can ya yi tsalle, to sarbo ne ke maƙalewa ko sandar bawul ɗin. Hanyoyin man da ke cikin sarbo sirara ne ƙwarai, kuma man da ya daɗe yana shan zafi yakan bar wani danƙo mai ruwan ƙasa da ke manne musu. Canza sarbo ba tare da gwada man da canza matatarsa ba yana nufin sabon ma zai bi sahun tsohon.

A tsarin kwamfutoci uku, sarbo yana da naɗin waya uku, ɗaya ga kowace kwamfuta. Idan an saka sabo aka juya wayar naɗi ɗaya, biyun da ke daidai za su rinjaye shi, bawul ya yi aiki kamar lafiya lau, har sai ranar da ɗaya daga cikinsu ta faɗi. Don haka ana gwada kowane naɗi shi kaɗai kafin a tayar da inji. Akwai kuma al'adar sake daidaita LVDT duk lokacin da bawul ya yi gardama, al'adar da ya kamata mai koyo ya guje wa. Daidaitawar ba ta wanke datti, ba ta kuma gyara sarbo, abin da take yi shi ne koya wa kwamfuta farkon tafiyar bawul da ƙarshenta. Idan aka yi ta a kan bawul ɗin da bai rufe sosai ba, an koya wa kwamfuta ƙarya.

Matsalolin tayarwa sun fi sauƙin bi, domin tashin inji mataki-mataki ne, kuma kowane mataki yana da sharuɗɗan da sai sun cika a wuce. Injin tayarwa yana juya shaf, a hura iska ta kore duk gas ɗin da ya rage a ciki, a kunna fulogi a buɗe gas, na'urorin ganin wuta su tabbatar ta kama, a ɗan ɗumama, a ɗauki gudu har zuwa cikakke, sannan a haɗa da layi. Inda ya tsaya, sai a buɗe zanen umarni a nemi sharaɗin da bai cika ba. Idan wuta ta ƙi kamawa, a duba matsin gas tsakanin bawul biyun, da tartsatsin fulogi, da gilashin na'urar ganin wuta. Zafin hayaƙi yana taimakawa a nan: idan ya tashi amma na'urar ba ta ga wuta ba, laifinta ne, idan bai motsa ba, wutar ce ba ta kama ba. Ba a taɓa gajarta lokacin kore gas don sauri, kuma ba a yi ta maimaita tayarwa ba tare da an canza komai ba. Gas ɗin kansa ma abin dubawa ne. Ana son ya iso da zafin da ya ɗara na fara zama ruwa da kimanin digiri 28, domin ruwan gas da ya shiga nozul yana hargitsa ƙonewa, yana iya ƙona sassan ciki.

Wutar batir mai bol 125 da ke ciyar da kabad da solinoyid a injinan GE ba a haɗe take da ƙasa ba. Idan komai lafiya, mita za ta nuna wajen rabin wannan adadi daga kowane ɓangare zuwa ƙasa. Idan wata waya ta goge ta taɓa ƙarfe, ko ruwa ya shiga akwatin mahaɗa bayan ruwan sama, ɓangare ɗaya zai sauka ɗayan ya hau, ƙararrawa ta fito, injin kuwa ya ci gaba da aiki. Taɓawa ta biyu ce ke kawo ɓarna: tana iya ƙona fis, ko ta kashe injin, ko ta kunna solinoyid ɗin da ba a umarta ba. Neman inda ta farkon take aiki ne na haƙuri, reshe bayan reshe, kuma an fi samun sauƙinsa lokacin da injin ke tsaye.

Manhajar injiniya tana ba da damar tilasta wa sigina ta zama abin da ake so, ko da abin da ke waje ya saɓa. An tanadi wannan ne don gwaji lokacin da injin ke tsaye. Amfani da ita, ko da guntuwar wayar tsallake, don rufe bakin kariyar matsin mai ko girgiza ko wuce gudu ko gobara a kan injin da ke aiki, ganganci ne da rayukan mutane da dukiyar biliyoyin naira. Kariyar wuce gudu tana kashe injin a wajen kashi 110 cikin ɗari, kuma injin da ya rasa lodi farat ɗaya gas yana ci gaba da shiga yana kai wannan iyaka cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Inda dole ta sa a tilasta wata sigina da ba ta kariya ba, sai da izinin shugaban aiki a rubuce, a shigar da ita rajista da sunan wanda ya yi da lokacin da za a cire, a kuma sanar da masu karɓar aiki. Matashi zai gamu da ranar da wani babba zai ce masa, "Injiniya, ka ɗan tsallake mana ita mu tashi, gobe a gyara." Amsar da ta dace, cikin ladabi, ita ce a nuna masa abin da kariyar ke tsarewa, a nemi umarnin a rubuce. Yawanci daga nan maganar ke mutuwa.

Kati yana lalacewa, musamman idan na'urar sanyaya ɗaki ta mutu ko tsawa ta faɗa kusa, amma ana kaiwa gare shi ne bayan an wanke waya da sensa da wutar da ke ciyar da shi. Kafin a saka sabo, a binciki abin da ya kashe tsohon, don kada wayar da ta ƙone shi ta ƙone na ajiya, wanda wataƙila shi kaɗai ne a sito kuma sayo wani daga waje zai ɗauki watanni. A ɗaura abin sauke cajin jiki a wuyan hannu, a tabbatar lambar katin da manhajarsa sun dace. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a gwada, a rubuta, domin wanda ya canza uku tare ko injin ya tashi bai san wanne ne ya yi magani ba. A ajiye kwafin manhajar da lambobin daidaitawa kafin a taɓa ko ɗaya. Kwamfutocin ɗakin sarrafawa kuma ba wurin cajin waya ba ne ko soka filashin da aka zo da shi daga gida. Ƙwayar Stuxnet da aka gano a 2010 ta nuna cewa manhajar ɓarna tana iya shiga na'urorin masana'antu ta wannan hanya ko da ba su haɗe da intanet.

Duk binciken da zai kai mutum cikin ɗakin injin yana buƙatar takardar izinin aiki. Ɗakin yana da tsarin kashe gobara da iskar kabon dayokzaid, wadda ke kashe mutum kamar yadda take kashe wuta, don haka ana kulle tsarin kafin a shiga, a buɗe shi bayan an fito. Ba a motsa bawul daga allo sai an rufe gas da hannu, an kuma tabbatar babu yatsun kowa kusa da sandarsa.

Bayan an gano musabbabi an gyara, a tsaya a kan allo a lokacin tayarwa ana kallon siginar da aka taɓa, har injin ya wuce lodin da ya faɗi a kai. Kowane tirif yana cin rayuwar injin: a ƙa'idar gyara ta GE, katsewa daga cikakken lodi ana lissafa ta daidai da tayarwa takwas, saboda sanyin da ke afka wa ƙarfe mai zafi farat ɗaya. Wannan lissafi yana matso da ranar buɗe injin kusa, don haka tirif ɗin da ya maimaita kansa saboda ba a gano tushensa ba asara ce ninki biyu. Rahoton da za a rubuta ya ƙunshi lokacin faɗuwar, da lodi da firikwensi da zafin gari a lokacin, da ƙararrawar farko, da abin da aka auna da adadin da aka samu, da abin da aka canza da lambarsa, da abin da aka zarga aka tarar lafiyarsa ƙalau. Idan ba a gano musabbabin ba, a rubuta haka ƙarara, a sa kwamfuta ta riƙa ɗaukar siginonin da ake zargi da sauri, a kuma ajiye rajistar tirif ɗin tare da rahoton a inda masu kama aiki na gaba za su same su.